Idon Yaya da Ayarin Asibitoci: Daga Salaga Zuwa Bawku

 Yau ba farashin albasa na kawo muku ba, ko da yake albasar za ta shigo. Labarin wata tafiya ce da na yi da yayana a watan Fabrairun 2020, daga Salaga muka bi ta Yendi muka kai Bawku, saboda idonsa. Na tafi neman magani, na dawo da wani lissafi da har yau yake damuna.

Yaya ya girme ni da shekara goma sha biyu. Uba ɗaya muke, shi ne babba ni ne auta, kuma shi ya fara ɗora mini tallan goro a ka. A shekarun baya yana ta rufe masa ido biyu a hankali. Da farko ya ce hazo ne. Daga baya ya daina ƙirga kuɗi da kansa. Ranar da na same shi bayan Asuba riƙe da Alƙur'aninsa a rufe, yana karantawa da ka yana shafa bangon, a ranar na ce masa, "Yaya, shirya, za mu Bawku."

Ya ce, "Kai Auta, ga asibiti nan Salaga, ga Tamale kusa. Me ya kai mu ƙarshen ƙasa?"

Gaskiyarsa ne, akwai masu duba ido a Tamale. Amma dalilina uku ne. 'Yarsa ta fari tana aure a Bawku, ita za ta yi jinyarsa. Ni kuma lokacin sarin albasa ya yi. Na uku, duk wanda ya daɗe a arewacin Ghana ya san sashen ido na asibitin Presby na Bawku ya yi suna, har daga Burkina Faso da Togo ake zuwa. Da ya ji sunan coci sai ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To, ai ba salla za su ja mini ba." Muka yi dariya, magana ta ƙare.

Kafin mu tashi na duba katinsa na inshorar lafiya, na tarar ya mutu da daɗewa. Na danna *929# a waya na sabunta masa, muka jira wata guda kafin ya fara aiki. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Salaga

Wanda ya ga Salaga yau ba zai yarda da abin da kakanninmu suka faɗa ba. Gari ne mai natsuwa, ga doya, ga shanu, ga mata masu man kaɗe, ga motocin da ke gangarawa Makango don kama jirgin fito zuwa Yeji. Amma a ƙarni na 19 nan ce babbar kasuwar Gwanja. Goron Asante a nan yake haɗuwa da fataken Kano da Katsina da Sakkwato. Ba goro kaɗai ba, an sayar da 'yan Adam a wannan kasuwa, kuma rijiyoyin da ke warwatse a garin suna nan suna ba da shaida. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874 kasuwar ta fara ja da baya, sai yaƙin basasa na 1892 ya watsa mutane zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo. Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, yana cikin waɗanda suka koma Kete Krachi, kuma a can ya rasu a 1934.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne, a wancan zamani ba wanda ke tasowa daga Kano shi kaɗai da jakinsa ya ce zai Gwanja. Ayari ake yi. Kowa da kayansa, kowa da ribarsa da asararsa, amma madugu ɗaya ne ke magana da sarakunan hanya a kan kuɗin fito, jagaba na gaba, kuma in dare ya yi zango ɗaya ake sauka. Yaya ya san sunayen zangunan hanyar kamar yadda ya san sunayen 'ya'yansa, tun muna tasha yake jero mini su.

Akwai kuma abin da ban taɓa rubutawa ba. A zamanin da ake kira kash-an-kari, wato biya kafin a taɓa ka, 'yata ta fari ta kamu da zazzaɓi, jininta ya ƙare. Muka kai ta wani asibiti da ba zan kira sunansa ba. Aka rubuta mini abin da zan sayo. Kuɗina duk suna cikin kaya a hanya. Na bi gidaje uku kafin na haɗa, ko da na dawo Allah ya karɓi abarsa. Shekarunta biyu. Na daɗe ina jin haushin ma'aikatan nan. Sai a wannan tafiya na fara tambayar kaina: su ma a ranar, me ke cikin sitonsu?

Yendi

Muka bi ta Bimbilla cikin ƙura, muka shiga Yendi da La'asar fuskokinmu jawur. Garin a lokacin yana cikin farin ciki, don shekara guda ke nan da naɗa Ya-Na Abukari Mahama na Biyu a Janairun 2019, bayan shekaru masu yawa gadon Dagwamba ba kowa. Yendi ma tsohon zango ne a kan hanyar goro, daga nan ayari ke miƙewa Sansanne Mango. Kabarin Babatu, jarumin Zabarmawa, yana garin.

Muka sauka gidan maigidana na shekara da shekaru. Ɗansa na uku, wanda na sani tun yana rarrafe, yanzu akanta ne a wani ƙaramin asibitin mishan a ƙauyukan yankin. Bayan Isha'i muna cin tuwo ya ga katin Yaya, sai ya yi murmushi ya ce, "Baba, wannan kati ku ya hutar da ku, mu kuwa shi ne ya mayar da mu 'yan kasuwa masu ba da bashi."

Na ce, "Ɗana, yi mini bayani da harshen kasuwa."

Ga yadda na fahimta. An kafa inshorar lafiya ta ƙasa da dokar 2003, aka sake dokar a 2012. Mafi yawan kuɗinta daga harajin kashi 2.5 cikin ɗari ne da ake ɗorawa a kan kaya, wato ni da kai muna biya kullum ko mun sani ko ba mu sani ba, sai kuma wani kaso daga kuɗin fanshon ma'aikata. Mai kati ya zo asibiti, a duba shi, a ba shi magani, ya tafi. Asibiti ya rubuta takarda ya aika, ya zauna jiran biya. To jiran nan shi ne matsalar, kuma ba sirri ba ne, rediyo da jaridu sun sha faɗa: akan yi watanni ba a biya ba. Kafin kuɗin su iso, sidi ta faɗi, maganin da aka saya goma ya koma goma sha uku. Mai sayar da magani kuwa yana bakin ƙofa, mai man janareta yana bayansa.

Duk ɗan kasuwa ya san wannan ciwo. Ka saro da kuɗi hannu, ka ba da bashi, kuma ba kai ke yanka farashi ba. Wane jari ne zai jure? Na ce masa, "To me ya hana ku karyewa?"

Ya ce, "Da mu kaɗai ne, Baba, da tuni an sa kwaɗo. Muna cikin CHAG."

CHAG ita ce ƙungiyar cibiyoyin lafiya na Kiristoci a Ghana. An kafa ta a 1967, kuma yau tana da cibiyoyi sama da 300: manyan asibitoci, ƙananan ɗakunan shan magani, da makarantun koyon aikin jinya. In ka cire hukumar lafiya ta gwamnati, ba wanda ya kai ta yawan duba marasa lafiya a ƙasar, kuma akasarin cibiyoyinta suna karkara ne. Abin lura, CHAG ba ta mallaki asibitocin ba. Na Katolika na Katolika ne, na Presby na Presby ne, na Baftis na Baftis ne. Kowa da hukumarsa da littafin lissafinsa. A kan aƙida ma ba bakinsu ɗaya ba. Amma a kan abin da zai hana su rufewa, sun haɗa kai.

Yaron ya lissafa mini a yatsu. Na farko, albashi. Ƙungiyar tana da yarjejeniya da ma'aikatar lafiya, gwamnati ke biyan albashin ma'aikata da yawa da ke aiki a waɗannan asibitoci. Ƙaramin asibiti a bayan Yendi ba shi da bakin da zai je Ankara ya nemo wannan shi kaɗai. Na biyu, murya. In bashin inshora ya taru, ba akanta ɗaya ke zuwa ya durƙusa a ofis ba, ƙungiya ce ke magana da sunan ɗaruruwa. Ba sau ɗaya ba ta fito fili ta ce za ta daina karɓar kati in ba a biya ba, kuma irin wannan magana tana sa a saurara. Na uku, sari. Mai sayen kwali biyu da mai sayen mota guda ba farashinsu ɗaya ba, wannan ko yaron shago ya sani. Daga baya na ji ƙungiyar ta haɗa gwiwa da PharmAccess, wata gidauniya ta ƙasar Holan, suka yi tsarin Med4All, inda asibiti ke odar magani ta intanet daga dillalan da aka tantance a kan farashin da aka daidaita wa kowa. Ribar biyu ce: sauƙin kuɗi, da tsira daga jabun magani. Na huɗu, horo da aron hannu. Ana koya musu yadda za su cike takardun neman biya ba kuskure, don takarda mai kuskure kuɗi ne da suka tafi. Kuma masu ba da tallafi daga waje sun fi son ƙofa ɗaya da za su ƙwanƙwasa maimakon ƙofa ɗari uku.

Yaya, da nake zaton ya yi barci a kan tabarma, sai ya ce daga cikin duhu, "Ashe madugu suka naɗa." Ɗan maigida bai gane ba, sai da muka yi masa bayani.

Kada in yi muku ƙarya, yaron bai ce komai lafiya ba. Ya ce ƙungiya ba ta buga kuɗi. In biya ya makara, ya makara wa kowa. Wanda kuma gwamnati ke biya masa albashin ma'aikata, ba kullum yake iya ɗaga murya yadda yake so ba. Sannan a cikin kowane taro manya sun fi ƙanana jin daɗin zama. Na ce masa haka ayari yake tun asali: mai jaki hamsin da mai jaki biyu ba ɗaya suke a wurin madugu ba, amma mai jaki biyun in ya ware shi kura ke fara ci.

Hanyar arewa

Da sassafe muka kama hanyar Gushegu. Daga nan sai Gbintiri, sai Nakpanduri, inda ƙasa ke yankewa lokaci guda ka hango fili shimfiɗe a ƙarƙashinka har iyakar gani. Na yi ta kwatanta wa Yaya, shi kuwa yana cewa ya riga ni ganinsa tun ina goye. A Nakpanduri hanya ke rabuwa zuwa Nalerigu, inda asibitin Baftis yake tun ƙarshen shekarun 1950. Gabas da Yendi kuma, a Saboba, akwai na cocin Assemblies of God. Duk 'yan ƙungiya ɗaya ne. Sai na ga ashe hanyar da na yi shekara talatin ina bi da buhunan albasa, akwai wasu zanguna a kanta da ban taɓa ƙirgawa ba.

Muka gangara dutsen direba yana taka birki muna salati, muka wuce Garu, muka shiga Bawku da yamma.

Bawku

Wanda bai san Bawku ba, gari ne da ƙasa uku ke cin kasuwarsa. Arewa ga Burkina ta Kulungugu, gabas ga Togo ta Pulmakom da Sinkase. Kusasi, Mamprusi, Bisa, Mosi, Hausawa, Fulani, kowa da harshensa, amma in ciniki ya yi zafi yawanci da Hausa ake ƙarewa. Albasa, shanu, zabi, gero, waken suya. Sidi da sefa a aljihu ɗaya.

'Yar Yaya ta tarbe mu tana hawaye, don bai gane ta ba sai da ta yi magana. Ta ce, "Baba ƙarami, me ya sa kuka bari ya kai haka?" Ban da amsa.

Asibitin Presby yana garin tun shekarun 1950, kuma shi ne babban asibitin da yankin ke dogaro da shi. Cocin ne ke tafiyar da shi, ga makarantar koyon jinya a tare da shi, ga ƙananan cibiyoyin cocin a garuruwa irin su Garu. A layin ido na zauna tsakanin wani tsoho Bamoshe da wata Bafulatana da jikanta ke ja da sanda. Ba wanda ya tambaye mu addini. Da lokacin Azahar ya yi muka samu gefe muka yi salla. Aka duba Yaya, aka auna jininsa, aka ce yana ce, kuma ana cirewa. Za a fara da idon dama. Katin da na sabunta a waya ya ɗauki aikin.

Washegarin aiki aka cire auduga. Ya ɗan lumshe, ya buɗe, ya dube ni tsawon lokaci. Abin da ya fara cewa shi ne, "Auta, yaushe ka yi furfura haka?" 'Yarsa ta fashe da kuka da dariya a haɗe.

Ina zaune a wajen ina kallon masu shara da masu tura keken marasa lafiya, sai lissafin Yendi ya dawo mini. Wannan aikin da aka yi wa Yaya ban biya ba a ranar, amma wani ya biya. Akwai wanda ya sayi kayan tiyata tun kafin mu zo, akwai mai a janareta, akwai nas da aka horar shekaru uku. Asibitin ya ba mu bashi ne, yana jiran biya daga wani wuri. Abin da ya sa ya iya jira shi ne ba shi kaɗai yake jira ba. A nan ne haushin da na riƙe tun rasuwar 'yata ya ɗan sassauta. Ban ce an kyauta mana ba. Amma na gane asibitin da sitonsa ya bushe, ko mala'iku ne ke aiki a ciki sai sun tura ka kasuwa.

Ba Ghana kaɗai ba

Da na fara bincike sai na ga dabarar ta zaga Afirka. A Najeriya akwai CHAN tun 1973, da sashenta na magani a Jos. A Uganda Katolika da Furotesta sun haɗa babban siton magani guda a 1979, a Kenya ma an yi irinsa mai suna MEDS a 1986. 'Yan uwanmu na Nijar kuwa sun san Galmi da abu biyu: albasar da ta fi kowace suna, da asibitin mishan da ke nan tun 1950. Gwamnatin Ghana ita ma ta ɗauki hanyar haɗa ƙananan cibiyoyinta na ƙauye da cibiya babba guda a kowane yanki, su riƙa aron ma'aikata da kayan gwaji. Ahmadiyya suna da nasu jerin asibitoci, a Techiman da Asokore da Kaleo da wasu wurare.

To mu fa? A zangunanmu, daga Kumasi zuwa Tamale zuwa Ankara, 'ya'yanmu sun yi karatu. Akwai likitoci, akwai ungozomomi, akwai masu ilimin haɗa magani. Wasu sun buɗe ƙananan asibitoci da guminsu, wasu kuma wani Alhaji ne ya gina don sadaka mai gudana. Na san guda biyu da aka buɗe da walima da yankan sa, yau ɗaya ya zama shagon sayar da siminti. Ba rashin marasa lafiya ya kashe shi ba. Shi kaɗai yake sayen magani a farashin kiri, shi kaɗai yake bin bashinsa, ranar da likitansa ya tafi ba wanda zai ara masa wani. Mun iya gini, riƙo ne ke ba mu wuya. Mu da muka gaji ayari da adashi, mu ne muka bar asibitocinmu suna tafiya ɗai-ɗai a daji.

Ba sai an fara da babban ofis ba. Asibiti biyar a gari ɗaya su haɗa odar magani wata guda su gani. Su ɗauki akanta ɗaya ƙwararre da zai duba takardun inshorarsu duka. Su yi tarayya a motar ɗaukar marasa lafiya da injin gwaji. Kowa ya riƙe sunansa da makullinsa. Masu hali a cikinmu kuma, kafin ka ce za ka gina sabo da sunan mahaifinka, tambayi wanda ke tsaye ko yana da kuɗin maganin wata uku. Kai kuma ɗan uwa da ke kan hanya kullum, duba katin matarka da na yara da na tsofaffin gida yau ɗin nan. Kuɗinmu a cikin kaya suke kwana, ciwo kuwa ba ya jiran a sayar.

An ce mu dawo don idon hagu. Sai korona ta shigo a watan Maris, muka ce bari ta lafa. Kafin mu shirya, a ƙarshen 2021 rikicin sarauta ya sake tashi a Bawku, aka sa dokar hana fita, hanya ta zama abin tsoro, 'yan kasuwa da ma'aikata da yawa suka bar garin. Ba ni da ɓangare a wannan magana, na ci abinci a gidajen kowa. Abin da na sani shi ne harsashi ba ya gyara ido, kuma duk ranar da nas ta kasa zuwa aiki akwai wata mai naƙuda da ke biyan kuɗin.

Na ce wa Yaya mu je Tamale a yi ɗayan. Ya ƙi. Ya ce ido ɗaya ya ishe shi karatu, kuma inda aka fara a nan za a ƙarasa in Allah ya kawo lafiya. Yana nan Salaga, kullum bayan Asuba Alƙur'aninsa a buɗe, ya karkata kai gefen dama. Katinsa kuwa ban sake bari ya mutu ba.

Allah ya zaunar da Bawku lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun haɗu a wani zangon.